Tun Daga Ruwan Jego Har Bakin Kabari: Bashin da Icce Ke Bin Mu

Duk wanda ya tashi a Zangon Paraku a zamanin ƙuruciyata ya san wata murya da ke ratsa lunguna da hantsi: “Faskare! A yi faskare!” Mai muryar wani dattijo ne ɗan cirani daga wajen Dogondutsi, wanda kan sauko mana bayan kaka, ya koma gida in hadari ya fara haɗuwa. Ba mu taɓa tambayar sunansa ba. Baba mai faskare kawai muke ce masa. Gatari a kafaɗa, a hannu kuma tsohon buhu mai ɗauke da guduma da wasu ƙarafa biyu masu kaifin baki. Jarinsa ke nan a duniya, kuma da shi ya aurar da ɗiyansa.

Inna tana sayar da masa da koko a ƙofar gida, saboda haka wuta ba ta mutuwa a gidanmu. Lokaci-lokaci kamyo kan juye mana gumagumai a bakin zaure, masu nauyin da namiji ɗaya ba ya ɗagawa. Sai Inna ta leƙo ta ce, “Baba, ga aikinka ya samu.” Shi kuma ya ce, “To ɗiyata, a ba ni ruwa in sha tukuna.”

Ina da shekara goma sha biyu ranar da na faki idonsa na ɗauki gatarin. Na ɗaga iya ƙarfina na sara a tsakiyar gungume. Gatarin ya yi tsalle ya dawo, saura ƙiris ya sauka a kan ƙafata. Baba bai yi faɗa ba. Ya karɓe shi ya ce, “Yaro, da ido ake faskare, ƙarfi daga baya yake zuwa.” Ya juya gungumen ya nuna mini wata siririyar tsaga da ta taso daga zuciyar iccen zuwa gefe. “Ka ga ƙofar nan? Kowane icce da tasa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.” Ya kafa ƙarfe ɗaya a tsagar, ya doke shi da guduma sau uku, ya kafa na biyu a gaba. Gungumen ya yi wata ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ya rabe biyu.

A wurinsa na koyi cewa ba a sara a kan gaɓa, inda reshe ya fito, domin nan jijiyar icce ta murɗe. Na koyi cewa ƙotar gatari in ta yi sako-sako ta fi maƙiyi haɗari. Na koyi jera faskare a kan duwatsu don kada gara ta hau, da buga kowane tsagi a ƙasa kafin a runguma, saboda kunama. Ya kuma san itatuwa kamar yadda mahauci ya san nama. Marke shi ne sarki: wuta mai ƙarfi, hayaƙi kaɗan, garwashi mai daɗewa. Ƙirya ta maƙera ce, da gawayinta ake narka ƙarfe, kuma tana cin bakin gatari. Maje yana da ƙaro mai ƙamshi. Kuka kuwa ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa, cikinta kamar soso yake. Ɗanyen icce, in ji shi, rabinsa ruwa ne, wanda ya saya ya sayi hawaye. Da na girma na tarar masana ma abin da suke faɗi ke nan: kusan rabin nauyin sabon sara ruwa ne, kuma sai wuta ta ƙone ruwan kafin ta waiwayi tukunya.

In mutum ya zauna ya yi lissafi, zai ga icce na rakiyar Bahaushe tun daga ranar da ya zo duniya. Kafin a haife ka, mahaifinka ya tara iccen jego, wanda za a dafa ruwan wankan mahaifiyarka da shi safe da yamma har kwana arba'in, kuma mijin da ya gaza a nan ya sha gori har tsufansa. A hasken wutar icce muka yi karatun allo da dare, kowane yaro da ɗan ƙiraren da ya tsinto. Da icce ake dafa abincin suna da na biki. A hunturu, tsofaffi na kwana da kaskon garwashi. Tokar ma ba a zubarwa, da ita ake wanke tukwane. Ranar da aka kai mutum makwancinsa kuwa, itatuwa ake jerawa a rufe shi kafin a zuba ƙasa. Ban san wani abu da ke yi mana hidima irin wannan ba, kuma ban san wanda muka fi rainawa ba.

Zaman da muke yi a wannan ƙasa ma a bakin murhu ya fara. Kakanninmu fataken goro ne, masu tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato, su ratsa ƙasar Bargu, su yada zango a Paraku da Jugu, wadda tsofaffi ke kira Zugu, kafin su nufi Salaga ta ƙasar Gwanja. Unguwar Wangara ta Jugu da ciniki ta kafu, gefen Kilir inda sarauta take. Ayari in ya sauka, abu uku yake nema kafin komai: ruwa, da ciyawar jakuna, da iccen girki. Fatake ba su da daji, na masu ƙasa ne. Saye suke yi. Da jirgin ƙasa ya iso Paraku daga Kwatano a 1936, gari ya ƙara cika, mu ma muka ƙaru, zango ya zama unguwa. Amma wancan tsarin bai sauya ba har yau: wasu ke sara, mu muke ƙonawa. Dubi sana'o'inmu. Mai tsire, wanda a nan ake ce wa cacanga, da mai balangu, da mai shayi, da mai ƙosai, da mai masa, da maƙeri, duk 'yan wuta ne. Ba mu riƙe da gatari a daji, shi ya sa muke ganin kamar babu hannunmu.

Gwaggona ce ta cire mini wannan tunani. A Wangara take aure tun tana yarinya, Dendanci ya fi Hausa sauƙi a bakinta. A hunturun da ya wuce na je gaishe ta, na ga ya kamata in yi abin kirki, sai na tsayar da mai keke mai ƙafa uku na saya mata lodin icce guda. Ta fito tana sa mini albarka, ta duƙa ta ɗauki tsagi ɗaya, ta duba ɓawonsa mai kama da bayan kada, ta shinshina. Sai fuskarta ta sauya.

“Ɗana, wa ya sayar maka da wannan?”

Na ce, “Gwaggo, mai keke ne a bakin hanya. Ba shi da kyau ne?”

Ta ce, “Kyau ai ya yi masa yawa. Kaɗanya ce, kuma da ranta aka sare ta. Ni ba zan dafa tuwo da uwar wasu ba.”

Ta sa aka ware tsagin kaɗanyar gefe guda. Ta ce tun da ta zo garin nan ta tarar manomi na share gona ya bar kaɗanya da ɗorawa a tsaye, domin na mata ne: ɗaya ta ba da man kaɗe, ɗaya ta ba da kalwar daddawa. Da kuɗinsu matan ƙauye ke sayen magani da littattafan lakwal. Sai wadda ta mutu don kanta ake ɗauka. “In ka ga an kai ga kaɗanya,” in ji ta, “to marke ya ƙare ke nan.”

A hanyar komowa, tafiyar kimanin kilomita 135, na zuba ido ta tagar mota. Buhunan gawayi jere a bakin titi, ƙauye bayan ƙauye, har muka haye kogin Weme a Beteru. A wannan yanki ne manyan gandayen dajin gwamnati suke, na Weme ta sama da na Wari-Maro. Akwai dokar gandun daji ta 2 ga Yulin 1993, akwai ma'aikata, kuma tun 1985 ƙasar nan ke bikin ranar dashen itace kowace 1 ga Yuni. Amma doka ba ta dafa tuwo. Gari na girma, kowane gida na hura wuta sau biyu ko uku a yini.

Ba na zargin mutumin ƙauye. Doya na son sabuwar ƙasa, manomi kan hura wuta a gindin itatuwa su bushe a tsaye, doyar ta hau su, daga baya a sare a sayar. Ashe sakwarar da muke ci da iccen da ya dafa ta gona ɗaya suka fito. Mai gawayi kuma kan binne icce kilo biyar ko fiye kafin ya samu kilo ɗaya, sauran ya tafi a hayaƙi. Sannan ga madobiya, wadda a nan ake kira koso, da aka yi ta lodawa zuwa Sin don yin kujerun alfarma, har a 2016 ƙasashen duniya suka sa ta cikin jerin itatuwan da ake sa wa cinikinsu ido. Injin zarto na kayar da abin da gatarin Baba zai yi yini yana fama da shi kafin shayi ya huce. Mu da muka san yadda mata ke girki da kara da kashin shanu a wasu sassan ƙasar Hausa, bai kamata a yi mana dogon bayani ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai kuma bashin da ke cikin gida. Inna ta yi fiye da shekara talatin a duƙe kan tanda. Yau idanunta kullum ja, tari kuma ba ya barin ta barci in sanyi ya shigo. Likita ya tambaye ta ko tana shan taba, ta yi salati. Ya ce hayaƙin murhu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gidaje ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020. Da na ji wannan adadi, fuskar mutum ɗaya na gani.

Sai na yi irin ta ɗan boko. Na sayo tukunyar gas mai kilo 6 na ajiye mata, ina jiran godiya. Ta yi godiyar, ta lulluɓe ta da zane, ta tura ƙarƙashin gado. Da na matsa, ta ce, “Ɗan nan, tandata ba ta zama a kan wannan abu. Kuma in ya ƙare, kuɗinsa gaba ɗaya ake nema. Icce kuwa ko na dala ashirin sai a ba ni.” Gaskiyarta. Ban tambaye ta komai ba kafin in saya. Na sara a tsakiyar gungume, ban nemi ƙofa ba.

Ƙofar ta fito daga maƙwabciyarmu, wata Babargiya mai dafa waken suya, wadda ta gina murhun laka a gidanta. Duwatsu ukun nan dai suna nan, amma an kewaye su da bangon yumɓu da aka cuɗa da ciyawa, an bar ƙofa ɗaya ta sa icce, da 'yar tazara kamar kaurin yatsa tsakanin bango da tukunya. A buɗaɗɗen murhu, iska ke kwashe yawancin zafin, abin da ke isa tukunya bai cika wuce kashi 15 cikin 100 ba. Bangon na tsare zafin ya tilasta masa lasar gindin tukunya. Dabarar ba sabuwa ba ce. A Yamai an yaɗa murhun ƙarfe mai suna Mai Sauƙi tun shekarun 1980, a nan Benin kuma akwai murahun da ake sayarwa da tambarin Anfani, sunan da kunnen Bahaushe ba ya neman tafinta. Inna ta ga na maƙwabciya da idonta, ta sa aka gina mata daidai tandarta, a waje inda iska ke wucewa. Yanzu lodin icce na kai ta kwanakin da bai taɓa kaiwa ba, tarin bai tafi ba amma ya yi sauƙi. Abin da ya ba ni dariya shi ne, irin wannan murhu ba ya karɓar gungume. Sirara yake so, busassu, faskararru da kyau. Ilimin Baba bai tsufa ba.

Ba ni da babbar shawara, sai ƙanana. Mu san abin da muke saye, in kaɗanya ce ko ɗorawa ɗanya mu ce ba mu so, mai sayarwa zai kai labari daji. Mu sayi icce da rani mu jera ya bushe kafin damina. Mu karɓi rassan yazawa da na mangwaro da na dogon yaro da ake sassabewa, ko da ba su kai marke ba. Masu tsire da masu shayi su kewaye wutarsu. Maigida ya fitar da madafa daga ɗaki marar taga. Wanda Allah ya ba haihuwa, ya dasa ko da itace biyu a madadin iccen jego. Masu ƙasa sun ba kakanninmu wurin sauka da wutar ɗumi, ba su tambaye su ranar tafiya ba. Yanzu nan ne gida, nan za a jera mana namu itatuwan in lokaci ya yi.

Baba mai faskare ya daina zuwa tun da daɗewa. Shekarar ƙarshe da ya zo, ya bar ɗaya daga cikin ƙarafansa a zaurenmu, ya ce in ya dawo zai ɗauka. Yana nan a bayan ƙofa, kansa ya baje saboda dukan guduma. Allah ya jiƙansa in ya riga mu, ya ba iyayenmu mata lafiya. Ku kuma 'yan'uwa na Paraku da Jugu, wane icce ake ƙonawa a gidajenku yau, kuma kun san daga inda ya fito?