Tsakanin Zoɓo da Giya

Mu mutanen ƙasar Gumel, zoɓo a gonarmu yake. Ran Alhamis buhunansa kan cika kasuwar Maigatari, wasu har Meksiko ake kai su. Amma da muka fara koyon haɗa shi a gida, sai muka tarar abin yana son lura. Mukan tafasa shi da citta da kanumfari da ɓawon abarba, mu tace, mu zuba sukari da ruwan abarbar. To, ɗanyar abarba tana ɗauke da yis, shi kuwa yis abincinsa sukari. In jarka ta kwana biyu a rufe cikin zafin bazara, sai ta kumbura, zoɓon ya soma kumfa. Da haka Turawan Ingila suke mayar da ruwan tuffa giya. Saboda haka mukan haɗa daidai na buɗa-baki, mu sanyaya a randa, mu shanye kafin ya kwana.