Amarya Mai Koriyar Fuska

A hunturun 2015, ana ta shirin zaɓe, ina yaron shago a wani wurin buga fosta da bana a Kano. Injinmu ɗan Caina ne, faɗinsa ƙafa shida, amma kansa na Epson ne, wanda ake kira DX5. Maigidana ya fi ji da wannan kan fiye da babur ɗinsa.

Janareto ya lalace, inji ya yi kwana huɗu a kwance. Ranar da aka gyara, Oga ya tafi sayo tawada, ya bar mini banar wani biki. A kwamfuta amarya tas, fara sol, ga lalle ga gwal. Da ta fara leƙowa daga bakin inji kuwa, sai ga fuska koriya shar kamar ganyen alayyahu.

Na san dai kwamfuta da haske take haɗa launi, ja da kore da shuɗi, inji kuwa da tawada huɗu: siyan, majenta, rawaya da baƙi. Ɗan wannan sanin ne ya kai ni ya baro. Na ce ai a wurin juya launin ne aka samu matsala. Na buɗe Photoshop na ƙara ja, na buga. Na sake ƙarawa, na sake bugawa. Mita bakwai na fileks na ci, amarya tana nan a koriyarta, sai dai ta ɗan yi duhu.

Oga ya shigo, ya dubi tulin da ke ƙasa, bai ce uffan ba tukuna.

"Ka buga gwajin kai?"

"A'a, Oga."

Gwajin nan bai kai tafin hannu ba, 'yan siraran layuka ne na kowane launi. Uku suka fito lafiya lau. Layin majenta kuwa duk giɓi, kamar haƙoran tsoho. Bushewar hunturu da ƙura sun daskarar da tawadar a ƙofofin kan, robar da ke rufe shi in ya huta ma ta saki. Idan majenta ta ɗauke, siyan da rawaya ne ke cin karensu babu babbaka, su kuwa in suka haɗu kore suke haifarwa.

Ya jiƙa kan da ruwan wanki, ya zuƙo tawada da sirinji ta bututun ƙasa, a hankali kamar mai ɗibar jinin jariri. Sai a gwaji na uku layin ya cika.

Ni kuma don rawar jiki na tura hoton da na cika wa ja, ban koma kan na asali ba. Amarya ta fito jajawur kamar an tsoma ta a manja. A nan ne Oga ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce a albashina za a cire kuɗin mita tara.