Rikicin Tsufa da Ruɗewar Dare Ɗaya

Mu da muke sallah a Masallacin Koudoukou, cikin unguwar Kilomita Biyar ta Bangui, kalma ɗaya muke da ita ga duk dattijon da hankalinsa ya karkace: rikicin tsufa. Kalmar akwai tausayi a cikinta, sai dai ciwo biyu ta haɗa, kuma ɗayansu ba ya jira.

Na farko sannu yake shigowa, cikin watanni da shekaru. Yau Alhaji ya mance raka'a nawa ya yi, baɗi ya ɓata tsakanin kasuwa da gida, wata rana ya tambayi maƙwabcin da ya yi hijira zuwa Chadi tun rikicin 2014, kamar jiya suka rabu. Idonsa biyu, yana amsa sallama daidai. Ajiyar ƙwaƙwalwa ce ke zurarewa. Wani bincike da masana daga Jami'ar Limoges ta Faransa suka wallafa a 2010 ya sami wannan ciwo ga kimanin kashi 8 cikin 100 na masu shekara 65 zuwa sama da aka duba a Bangui. Mafi yawansa ba ya warkewa. Abin da ke hannunmu shi ne haƙuri, da rakiya zuwa masallaci, da tsare tsohuwa daga bakin masu cewa mayya ce, domin a ƙasar nan zargin maita yana kai mutum kurkuku.

Na biyu dare ɗaya yake faɗowa. Inna da ta lissafa kuɗin cefane jiya ta wayi gari tana sambatu, ko gyangyaɗin da ba a iya tashinta, ta dawo hayyacinta da hantsi, ta sake ɓacewa da magariba. Wannan ba tsufa ba ne. Zazzaɓin cizon sauro, faɗuwar sukari, ciwon huhu ko na mafitsara, ƙarancin ruwa a jiki, shanyewar ɓarin jiki, kowanne yana iya jawo shi, kuma da yawansu suna da magani idan aka yi hanzari.

Abin mamaki, bambance matakan hankali ba baƙonmu ba ne. Tun a zaure malaman fiƙihu suka raba mana barci mai sauƙi da mai nauyi, da suma, da maye, wajen abin da ke warware alwala. Likitoci ma haka suke awo, da ma'aunin Glasgow na 1974, daga maki 3 zuwa 15: buɗe ido, magana, motsi.

Tambayar da likita zai fara yi mana ita ce: yaushe abin ya soma? In amsar ita ce shekaranjiya, a yi tofin a cikin mota, a kan hanyar asibiti.