Kalangun da Ya Ƙi Magana a Cikin Kwamfuta

Lokacin da nake tattara bayanai domin kundin digirina na biyu a kan taken mahauta, na shafe makonni ina zirga-zirga gidan wani dattijo makaɗin kalangu a Zariya. Ganin shekaru sun ja masa, kuma babu wanda ya gaje shi a cikin 'ya'yansa, sai na ƙudurta taskace muryar kalangunsa. Na roƙe shi ya riƙa bugu ɗaya-ɗaya, na sama da na ƙasa, mai ƙarfi da mai taushi, ni kuwa ina naɗa. Daga baya na yayyanka sautukan na jera su a kan maɓallan fiyano. Wannan ita ce dabarar naɗar samfurin sauti, wadda na'urar Fairlight CMI ta yi fice da ita tun daga 1979.

Da na kammala, na kaɗa masa taken da shi da kansa ya koya mini. Ya yi shiru yana saurare, sannan ya ce, "Ɗana, muryar kalanguna ce, amma bai ce komai ba."

Sai da na daɗe kafin na gane nufinsa. Maganar kalangu a hammata take. Makaɗi yakan matse igiyoyin ko ya sassauta su alhali fata ba ta gama amsawa ba, ta haka yake fitar da karin sama da na ƙasa da na faɗau, har mai sauraro ya ji kalmomin Hausa. Ni kuwa bugun kawai na naɗa. Zamiyar da ke tsakanin bugu da bugu, inda ma'ana take, ita na datse da hannuna.

Akwai wata hanyar, wato ƙera sauti da lissafi. A nan kwamfuta ba ta maimaita abin da aka naɗa. Tana lissafa yadda tsarkiya ko fata ke karkarwa idan an taɓa ta. Karplus da Strong sun wallafa dabararsu ta kwaikwayon tsarkiya a 1983, binciken Julius Smith a Jami'ar Stanford ya kai ga na'urar Yamaha VL1, sannan manhajar Pianoteq ta fito a Faransa a 2006. Wannan hanya ta fi dacewa da kalangu, domin ana iya sauya taurin fata yayin da sauti ke fita. Sai dai lissafi bai san komai ba face abin da aka auna aka ba shi: kaurin fata, irin icen, ƙarfin matsa, da bambancin amon hunturu da na damina.

Masu ƙera na'urori ba su sa mu a lissafi ba. Tsarin General MIDI na 1991 yana da muryoyi 128, ciki har da sitar da koto da kalimba, amma babu kalangu, babu goge, babu algaita. Aune-aunen nan aikinmu ne, mu masu nazarin Hausa, tare da masana kimiyyar sauti.

Dattijon ya riga mu gidan gaskiya. Muryar kalangunsa tana nan a kwamfutata, amma ban ɗauki hoton motsin hannunsa ba, ban auna fatar ba, ban tambayi wanda ya sassaƙa masa icen ba. Yanzu duk ɗalibin da zai fita aikin fage nakan roƙe shi ya naɗi take cikakke, ya ɗauki hoton makaɗi yana kiɗa, ya kuma tafi da ma'auni.