Tseren Ƙafa a Bakin Iyaka: Safiya Ɗaya a Gallabat

Waɗanda suka san ni a Gadarif sun san ni ba mutumin gudu ba ne. Shekaruna sun haura hamsin, ina da tumbi daidai gwargwado, kuma rabona da gudu na gaske tun ranar da wani sa ya tsinke igiya a kasuwar dabbobi. To amma a ƙarshen shekarar 2019 na shiga tseren ƙafa a Gallabat, na kuma kai ƙarshensa, ko da yake har yau akwai masu gardamar yadda na kai. Ga yadda abin ya kasance.

Ɗan ƙanwata ne ya jawo. Yaro ne mai hankali, lokacin yana karatu a Hartum, sai dai Hausa ta kusa kuɓuce masa. Ka yi masa magana da Hausa ya mayar maka da Larabci, in kuwa abokansa na kusa, sai ya yi kamar bai ji ba. Kusan kowane gida cikinmu akwai irinsa, kuma mun san dalili. Yaron da aka sha kira Fallati ko Takruri da bakin raini a makaranta yakan koyi ɓoye harshen uwarsa tun yana ƙarami. Da ya zo hutu ya ji labarin samarin Gallabat sun shirya tsere ta cikin gonaki da duwatsu bayan an gama yankan riɗi, ya ce zai je. Na ce zan raka shi, don ina da dangi can. Sai ya dubi tumbina ya yi dariya, ya ce in na isa in shiga. Nan muka ƙulla a gaban uwarsa: in na kai ƙarshe, wata guda cur ba zai yi wa kowa magana a gida ba sai da Hausa, in na gaza, in saya masa sabuwar waya. Malamai su yi mini afuwa, ni dai alkawari na ɗauke shi, ban ɗauke shi caca ba.

Daga Gadarif zuwa Gallabat kilomita 150 ne da 'yan kai, a kan kwalta, ta garin Doka. Farkon hanyar ba abin da ido zai tsaya a kai sai baƙar laka shimfiɗe da gonakin dawa iyakar gani, irin manyan gonakin nan da aka fara nomawa da tarakta tun shekarun 1940. Bayan Doka ƙasa takan fara tashi, itatuwa su yi yawa, dakwara da aduwa da magarya, ciyawa ta fi mutum tsawo a wasu wurare. Muka isa da la'asar.

Gallabat ba babban gari ba ne. Titi ne ya ratsa, ga rumfuna, ga manyan motoci a jere suna jiran kwastan, ga mata masu shayi da jabana, sannan gada a kan wani kwari. Ka haye gadar nan ka shiga Matamma, ƙasar Habasha ke nan. A teburin shayi ɗaya za ka ji Larabci da Amhara da Hausa, wani lokaci daga bakin mutum ɗaya.

Mai masaukinmu dattijo ne, ƙanin kakata ta wajen uba, ya haura tamanin. Da ya ji abin da ya kawo mu sai da ya yi dariya har ya share hawaye. Ya ce, "Ku da kakanninku suka taka tun daga Sakkwato, yau kilomita takwas ce ta zama abin shela?" Daga nan bai bar mu mun kwanta ba sai da ya ba mu tarihin garin, kuma na ga yaron nan ya ajiye waya yana saurare, abin da ban saba gani ba.

Abin da dattijon ya faɗa ya yi daidai da abin da ke rubuce. Takarir ne suka raya Gallabat, wato mahajjata daga Darfur da ƙasashen da ke yamma da ita, waɗanda suka tsaya a hanyar Makka ko a hanyar dawowa suka yi gida. Suna da shehunsu, suna noman auduga, kasuwarsu ta yi suna ƙwarai. Baturen Ingila Samuel Baker ya bi ta nan a 1862, ya tarar ana cinikin auduga da gahawa da kakin zuma, har da bayi, don wannan ma yana cikin tarihin wurin, ba a ɓoye shi. Mu Hausawa da Fulani yawancinmu daga baya muka kwararo, musamman bayan 1903 da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a gabas har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Daga can ne kakanninmu suka watsu neman ƙasar noma, wasu Gadarif, wasu har nan bakin iyaka.

Kuma ƙasar da za mu yi gudu a kanta ta sha jini. A watan Maris na 1889 Sarkin Habasha Yohannes na Huɗu ya zo da runduna mai yawan gaske ya faɗa wa Ansar ɗin Mahadi da ke ƙarƙashin Zaki Tamal. Habashawa sun kusa cin nasara sai harsashi ya sami sarkin, ya mutu, rundunarsa ta watse. A Nuwamban 1940 kuma wani hafsan Ingila mai suna Slim ya ƙwace kagarar Gallabat daga hannun sojan Italiya, amma jiragen Italiya suka yi masa ruwan bama-bamai har ya ja da baya bai shiga Matamma ba. Wannan Slim shi ne daga baya ya shugabanci yaƙin Boma, inda Hausawan Nijeriya da yawa suka yi soja. Dattijo ya nuna wajen tudun kagarar da sandarsa cikin duhu, ya ce gobe kada mu kuskura mu nufi can.

Masu shirin ma sun san haka. Sun sanar da soja tun da wuri, suka zana hanya ta yammacin gari, nesa da iyaka. Ranar Juma'a ce. Muna idar da sallar asuba muka taru a bayan gari, iska mai sanyi na kaɗawa. Ba mu kai hamsin ba. An ja layi da toka, an ɗaɗɗaura tsummoki a jikin ƙaya don nuna hanya, an ajiye yara da jarkokin ruwa a wuri biyu, sannan ga amalanken jaki da zai biyo baya ya kwashe waɗanda suka gaza. Mai amalanken ya dube ni sau ɗaya ya gyara mini wurin zama. 'Yan kasuwa ne suka haɗa kyauta: buhun sukari, kwalin sabulu, da ƙwallo. Wani da ke yi wa samari alƙalancin ƙwallo ya busa usur, muka zabura.

Wanda bai taɓa gudu a kan lakar Gadarif da rani ba, bai san abin da nake nufi ba. Da damina, daga Yuni zuwa Oktoba, takan jiƙe ta kama ƙafa kamar danƙo, har mota ta kwana uku a wuri ɗaya. In ta bushe kuma sai ta tsattsage, wata tsagar tafin hannu zai shige, zurfinta ya kai kamu ɗaya ko fiye. Ga tushiyar karan da aka yanke tsaye kamar tsinin mashi. Ni na saba da tafiya a kanta, amma gudu wani abu ne daban. Na lura 'yan garin ba sa buɗe ƙafa, gajeren taku suke yi da sauri-sauri, ido a ƙasa, kamar zabi. Ɗan ƙanwata da takalmansa masu tsada na Hartum ya yi gaba da dogon taku, ni kuwa kafin mu fita daga gonar farko na riga na zama na biyun ƙarshe. Na ƙarshen wani mai gidan burodi ne wanda ya shiga don ya ji an ce akwai sukari.

Daga gona hanya ta gangara cikin busasshen kwari mai yashi. Nan ƙirjina ya fara zafi. Wasu mata masu ɗibar itace suka tsaya suna kallo, ɗaya ta ce da Hausa, "Baba, wa ya koro ka?" Ban sami numfashin amsawa ba. Mai burodi ya hau amalanke tun a nan.

Sai hawan tudu, duwatsu baƙaƙe masu gangarowa ƙarƙashin ƙafa. Ba zan yi muku ƙarya ba, tafiya na yi, wani wurin har da hannu. Amma da na kai bisa na juya gabas, rana ta fito, sai ga duwatsun Habasha jere can nesa, shuɗi-shuɗi, wani bayan wani, ga hayaƙin girkin safe na garuruwan biyu ya haɗu ya kwanta a kan kwarin, ba ka iya cewa ga na Sudan ga na Habasha. Shekara nawa ina zuwa Gallabat, ban taɓa ganinta daga nan ba, don kullum daga tasha sai gida, daga gida sai kasuwa. Na tsaya fiye da yadda ya kamata mai tsere ya tsaya.

A gangarowa ne abin ya same ni. Na ji daɗin saukin hanya na saki jiki, ƙafata ta dama ta shige tsaga, na faɗi rub da ciki. Idon sawu ya kumbura nan take. Ina zaune ina jin ƙarar amalanke na matsowa, ina lissafin kuɗin waya, sai na hango mutum yana dawowa da gudu ta hanyar da kowa ya bi ya wuce. Yaron nan ne. Ya riga ya gama, ya zo na tara, da bai gan ni ba ya juyo. Ya durƙusa ya dafa ƙafar, ya ce, "Kawu, tashi. Kama kafaɗata." Da Hausa ya faɗa, ba tare da ya lura ba. Haka muka yi kilomita ɗaya da wani abu, ina ɗingishi, mai amalanke na biye da mu yana ta roƙona in hau in huta wa kaina.

Wanda ya ci tseren wani saurayi ne ɗan Habasha daga wajen Gondar, cikin dubban da kan hauro kowace kaka aikin yankan riɗi da dawa. Takalmin roba ne a ƙafarsa, kuma an ce ya sha shayi ya ƙare kafin na biyu ya iso. Ba abin mamaki ba ne. Gondar ta fi mita 2,000 bisa teku, wanda ya girma a iskar can in ya sauko ƙasa irin tamu numfashi ba ya yi masa wuya. Ƙasarsu ce ta fitar da Abebe Bikila da ya ci gudun dogon zango a gasar Olamfik ta Rum a 1960 ba takalmi, da Haile Gebrselassie. Samarinmu ba su yarda an bar su baya ba, suka tuna wa baƙon cewa Isma'il Ahmad Isma'il ya samo wa Sudan azurfa a mita 800 a Beijin a 2008, lambar Olamfik ta farko a tarihin ƙasar, Abubakar Kaki kuma ya ci zinariyar duniya ta cikin zaure a 2008 da 2010. Baƙon ya yi murmushi, ya saɓa buhun sukarinsa, ya raba sabulun da aka ƙara masa ga yaran da suka riƙe jarkoki.

Shari'armu kuwa gaban dattijo ta je. Yaro ya ce ban kai da ƙafata ba, shi ya kawo ni. Dattijo ya tambaye shi, "Ya hau jaki?" Ya ce a'a. Ya ce, "To kakanka ma da ya zo daga yamma, a bayan uwarsa ya yi rabin hanya, kuma ba wanda ya ce bai zo ba." Aka yanke mini. Watan nan ya cika alkawari, da kuskure da dariya, har ƙannensa na gyara masa. Wayar ma daga baya na saya masa, uwarsa ba ta sani ba sai yanzu da za ta karanta.

Abubuwa da yawa sun faru bayan nan. A ƙarshen 2020 rikicin Fashaga ya tsananta, aka sha rufe iyakar ana buɗewa. Dattijon ya rasu, Allah Ya jiƙansa. A Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum, dubban mutane suka bi wannan hanya ta Doka suka haye gadar Gallabat da abin da hannu zai iya ɗauka. Ɗan ƙanwata na cikinsu. Ya kwana biyu a layi kafin a buga masa takarda. Daren da ya haye ya kira ni daga Matamma, layin na yankewa, ya ce daga inda yake tsaye yana hango tudun da na faɗi, ya tambaye ni ko ƙafar na damuna har yanzu. Na ce sai lokacin sanyi. Ya ce, "Kawu, ka riƙa shafa mata man kaɗanya," sai kuɗin wayarsa suka ƙare.