Lokacin da Teku Take ta Kowa a Ikko

Agege ba garin ruwa ba ne. Garin goro ne da shanu da layin dogo, kuma Bahaushen da aka haifa a Zango yana iya girma har ya yi gemu bai iya iyo ba. Duk da haka, a shekarun 1980 zuwa 1990, da wuya ka sami yaron unguwarmu da bai san ɗanɗanon ruwan gishiri ba, domin yawon Sallah ba ya cika sai an je Bar Beach.

Washegarin Sallah ake tafiya. A cika motar molue daga Agege zuwa Oshodi, a sake wata zuwa Obalende, inda 'yan'uwanmu Hausawa suke da yawa, daga nan a ƙarasa ƙarshen titin Ahmadu Bello. Tun kafin ka ga ruwan za ka ji rurinsa. Babu ƙofa, babu katanga. Ga masu fararen riguna na cocin Aladura suna addu'a ba takalmi, ga masu tsire suna fifita garwashi, ga masu hoto. Masu dawakin haya kuwa galibinsu mutanenmu ne, kuma da sun ji Hausa a bakinka sai farashi ya sauka. "Ɗan ƙanena, zo ka hau, ko nawa Alhaji ya bayar Allah ya yi albarka." Iyayenmu ba sa barinmu mu wuce gwiwa a ruwa, kuma suna da gaskiya, don igiyar wurin tana jan mutum ta ƙasa. Wasu dattawan ma ba sa son wurin sam, saboda sun tuna lokacin da ake ɗaure 'yan fashi a jikin ganguna ana harbewa a bainar jama'a, irin su Oyenusi a 1971.

Wata tekun kuma tana can tsallaken mashigar jiragen ruwa, wadda ba a zuwa sai a kwalekwale: Tarkwa Bay. Kawuna, wanda yake kai wa ma'aikatan tashar Apapa goro, shi ya fara kai mu. Muna zaune a kwalekwale mai inji, kowa ya ƙanƙame gefe yana salati, manyan jiragen dakon kaya suna wucewa ta kusa da mu. A nan na fara ganin jiragen da iska kaɗai ke turawa, da fararen filafilansu a miƙe, sun karkata har ka ce za su kife. Na 'yan Lagos Yacht Club ne, ƙungiyar da aka kafa tun 1932, wadda gidanta yake kusa da Onikan. A ƙarshen mako suke fitowa, Turawa da Kwarori da tsirarun manyan 'yan ƙasa. Wasu su tsaya a Tarkwa, su saki ƙarfen tsayar da jirgi su fito da kulolin abinci. Wasu su bi rafin da ya nufi Badagry, su yada zango a Ibeshe ko Ilashe, a ƙarƙashin bishiyoyin kwakwa, rafi a bayansu teku a gabansu. Ba mu taɓa shiga irin wannan jirgi ba, amma rairayin da suka shimfiɗa tabarma a kai shi muka shimfiɗa tamu, kuma babu wanda ya ce mu matsa.

Abin da ya sa ruwan Tarkwa yake kwance alhali na Bar Beach yana hauka, aikin hannun mutum ne. Tun wajen 1908 Turawan mulkin mallaka suka fara jera manyan duwatsu cikin teku, ganuwa ta gabas da ta yamma, don kada yashi ya riƙa toshe wa jirage hanya. Daga Aro ta Abeokuta aka riƙa fasa dutsen ana ɗaukowa a jirgin ƙasa, wato ta gaban Agege ya wuce. Ita tekun wannan yanki daga yamma take kwaso yashi tana kai shi gabas. Da ganuwar ta tare shi, sai ya taru a yamma, bakin ruwan da ke wajen tsohuwar hasumiyar fitila ya yi ta faɗi, Tarkwa ta samu lungu mai kwanciyar ruwa. Ita kuwa Bar Beach aka yanke mata abincinta, teku ta yi ta cinta shekara da shekaru, har ruwa ya riƙa hawa titin Ahmadu Bello yana shiga gidaje.

Waɗannan duwatsun ne kuma suke lanƙwasa igiyar ruwa ta tashi yadda masu hawa kan allo suke so. Da farko baƙi ne suke zuwa da allunansu. Yaran ƙauyen Tarkwa, 'ya'yan masunta da masu hayar rumfa, suna kallo suna kwaikwayo da guntun katako, har wasu suka gaji tsofaffin alluna suka fi masu su iyawa. Na ga yaron da bai kai shekara 12 ba ya miƙe tsaye a cikin igiyar da ta fi shi tsawo, ya fito ta ɗaya gefen yana dariya. Har yau ban ga wasan da ya fi wannan kyau ba.

Mun taɓa kwana can da samarin unguwa, muka kama rumfar kaba, muka sayi kifi a hannun masunta muka gasa. Da asuba muka yi alwala da ruwan teku, wanda malamai suka ce mai tsarki ne mai tsarkakewa, muka yi jam'i a kan rairayi. Kuɗin da kowa ya kashe bai fi na cefanen yini biyu ba.

Daga wajen 2008 aka fara cike Bar Beach da yashin da ake haƙowa daga tsakiyar teku, aka gina doguwar ganuwar dutse, aka kira sabon filin Eko Atlantic. Ambaliyar ta tsaya, wannan gaskiya ne, kuma mazauna Victoria Island sun huta. Sai dai ba a ware wa talaka ko taku ɗari na bakin ruwa a madadin wanda aka ɗauke ba, kuma wannan ne yake ci mini rai. A Janairun 2020 sojojin ruwa suka tashi dubban mazauna Tarkwa Bay, bisa zargin fasa bututun mai na Atlas Cove, yaran allon nan suna cikin waɗanda suka rasa matsuguni. A 2024 aikin titin gabar teku na Legas zuwa Kalaba ya cinye wani sashe na bakin ruwan Oniru.

Har yanzu ana zuwa Tarkwa, ana kafa tanti ana kwana, jiragen filafilai suna fitowa ranar Asabar. Masu dawaki sun koma Elegushi da sauran wuraren Lekki, inda sai ka biya a ƙofa kafin ka taka yashi. Magidancin da ke da 'ya'ya shida a Zango, idan ya lissafa kuɗin mota da na shiga, yakan sayo musu lemo ya ce a yi Sallar a gida.