Bruges: Inda Ake Rage Tumbi Ta Ƙananan Huji

Masu zuwa birnin Bruges na ƙasar Beljiyam galibi yawon buɗe ido ke kai su, don ganin magudanan ruwan da suka ratsa gari da gidajen jan bulo da shagunan cakulan. Ni rakiya ce ta kai ni. Yayata ce ƙiba ta danne, ga ciwon suga ga hawan jini, ga munsharin da ke yanke mata numfashi cikin barci, gwiwoyinta kuma sun kai ga sai a zaune take salla.

Garin ya daɗe da sanin jinya. A tsakiyarsa akwai tsohon asibitin Sint-Jan wanda aka kafa tun ƙarni na 12, yanzu ya zama gidan tarihi. Sabon asibitin da ya gaji sunan yana bakin gari, kuma a can ne likitan fiɗa Bruno Dillemans ya yi suna wajen tiyatar rage ƙiba, har likitoci daga wasu ƙasashe ke zuwa koyon hannunsa. Ma'aunin BMI ma, wanda ake auna ƙiba da shi ta hanyar haɗa nauyi da tsawo, asalinsa lissafin wani ɗan ƙasar ne, Adolphe Quetelet na birnin Ghent, a ƙarni na 19.

Abin da ya fara burge ni a asibitin shi ne ma'aikatansa ba su ɗauki ƙiba a matsayin laifin mai ita ba. A gida muna tsakanin abu biyu ne: ko a ce teɓa alamar hutu ce, ko a yi ta yi wa mutum gorin ci. A can cuta ce mai sunanta da maganinta. Kujerun ɗakin jira masu faɗi ne, rigunan marasa lafiya akwai na kowane jiki, na'urar auna hawan jini ma tana da babban ɗauri, ba wanda ya sa Yaya ta ji kunyar jikinta. Kuma ba a kai mutum ɗakin fiɗa kai tsaye. Sai ya bi ta hannun masanin abinci da likitan ƙwaƙwalwa da likitan cututtukan ciki, sun zauna sun amince tare. Inshorar lafiyar ƙasar tana biya wa wanda BMI ɗinsa ya kai 40, ko ya kai 35 tare da wata cuta irin su suga.

Aikin kansa kuwa abin a tsaya a kalla ne. A da, sai an tsaga ciki tun daga ƙasan ƙirji zuwa cibiya, kuma babban rauni a jikin mai ƙiba masifa ce: yana jinkirin warkewa, yana ruwa, ɗinki na iya buɗewa ya zama ƙaba, mutum ya daɗe kwance har jini ya daskare a ƙafa. Yanzu huji huɗu ko biyar ake yi, kowanne bai wuce kusan santimita ɗaya ba. A hura iskar gas ciki ya kumbura a sami fili, a zura siririyar kyamara ta huji ɗaya, dogayen kayan aiki ta sauran, likita yana kallon allo hannayensa na waje. Akwai wata na'ura da ke yanka tana ɗinkewa a lokaci guda da ƙananan ƙusoshin titaniyam.

Hanyoyi biyu suka fi yawa. A ta farko ana yanke kusan kashi 80 cikin ɗari na tumbi a fitar, abin da ya rage ya zama siriri kamar ayaba, kuma ɓangaren da aka cire shi ne ke samar da mafi yawan sinadarin da ke tayar da yunwa. A ta biyu ana ware ɗan aljihu mai ɗaukar kimanin mililita 30 a saman tumbi, a haɗa shi da ƙaramin hanji, abinci ya tsallake sauran. Wannan aka zaɓa wa Yaya saboda suga, domin sau da yawa sugan kan fara sauka tun kafin nauyi ya ragu.

Da yammacin ranar da aka yi mata aiki, ma'aikaciyar jinya ta zo ta ce a tashe ta ta taka. Na ce, "Yaya, ko a bari sai gobe?" Ta ce, "Kai dai riƙe ni, Ƙanina, su suka san aikinsu." Ta taka har bakin ƙofa tana jan sandar ƙarin ruwa, da 'yan filasta biyar a ciki, shi ke nan.

Kafin mu dawo na hau jirgin ƙasa zuwa Huy, ƙaramin gari a bakin kogin Meuse, saboda mutum ɗaya: Mitiku Belachew. Ɗan Habasha ne, ya yi kiwo yana yaro, ya zo Beljiyam ya karanci likitanci. A watan Satumba na 1993, a asibitin wannan gari, ya ɗaura wa tumbin mara lafiya zobe mai iya tsukewa da sassautawa ta ƙananan huji, aikin da ya bazu a duniya. Zoben ya ja baya yanzu, don yakan zame ko ya ci jikin tumbi, amma ya nuna cewa za a iya yi wa mai matsananciyar ƙiba aiki ba tare da an tsaga shi ba. Na yi alfahari da shi ƙwarai a matsayinsa na ɗan Afirka.

Likitocin Bruges ba su ɓoye wa Yaya komai ba. Sun gaya mata ɗinki na iya yoyo, nauyi na iya dawowa idan ta saki jiki. Makonnin farko ruwa-ruwa kawai, sannan mai laushi, loma ƙanana, ba a haɗa ci da sha. Bitamin B12 da sinadarin ƙarfe da na ƙashi kuwa har ƙarshen rayuwa, da gwajin jini a kai a kai. Da ta tambayi batun azumi, suka ce ta jira tukuna, kuma suka rubuta wa likitanta na gida wasiƙa mai ɗauke da duk gwajin da zai riƙa yi mata da lokacin kowanne.